Baba Ya Ce Albarka

Masu bibiyata, sallama gare ku. Na ga saƙonninku, har da masu tsokanar cewa ko Shafa'atu ta yi biki ne ba ta gayyace mu ba. Babu biki. Bakina ne ya yi nauyi. Yau dai na daure na ɗauki waya, don in ban faɗa ba abin nan zai ci gaba da cina a ciki.

Sababbin shigowa, ga ni a taƙaice. Ni ce 'yar fari a gidan Alhaji Bature dillalin hatsi, a nan Funtua. In kun shiga kasuwar hatsi kuka ambaci sunansa, ko mai shayi zai nuna muku rumfarsa. Mutum ne da zai soka hannu cikin buhun masara ya gaya maka ko daga Mahuta ta fito ko daga Tsiga. Abu guda yake alfahari da shi a duniya: tun da ya fara dillanci bai taɓa sallama kaya a tayin farko ba. Mai saye zai taya, Baba ya kawar da kai ya ce, "Albarka." Mutumin ya yi kamar zai tafi, ya zagayo, ya ƙara. Da haka ya gina gidan da muke ciki, ya je Makka, ya kai Umma. Kuma shi ne ya tsaya kai da fata sai na yi jami'a, a lokacin da 'yan uwansa ke cewa sakandare ta ishi 'ya mace. Ku riƙe wannan da kyau, don kada wata ta zo ƙasan rubutun nan ta zagar mini uba. Ban yarda ba.

Aikin jinya nake so tun ina ƙarama. Da sakamakon JAMB ya fito na samu makin da har malamanmu suka riƙa nuna ni ga 'yan ƙasa da mu. Daga ranar Baba ya daina kiran sunana, sai dai ya ce "Nas." Shi da ni da Umma duk mun ɗauka magana ta ƙare, tunda maki ya yi kyau dole a ba ni abin da na nema. Umma har ta fara tara mini kaya a ƙarƙashin gadonta: bokiti shuɗi, ƙaramin risho, yajin daddawa a gwangwanin madara, da zanin gado mai furanni da ta hana kowa taɓawa.

Wata ranar Talata ina tankaɗen garin tuwo sai ga kiran Omowunmi. Ƙawata ce tun firamare, 'yar Alhaji Raufu mai kayan gyaran babur, haifaffiyar Funtua, Hausarta ta fi tawa zaƙi. Ita ke zama a shagon kwamfutar yayanta.

"Ke Shafa, ajiye duk abin da kike yi ki zo. Sunanki ya fito!"

Ko hannu ban wanke da kyau ba na zumbula hijabina ruwan ƙasa a kan atamfar zaman gida, na tari Napep. Ina shiga shagon ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga hotona, ga sunana, ga sunan jami'ar da na zaɓa. Sai na kai idona kan kwas ɗin. Ba jinya ba ne. Kimiyyar tsirrai ce. A ƙasa kuma ga wuri biyu na dannawa, ɗaya na karɓa, ɗaya na ƙi.

Na ce, "Wunmi, sun yi kuskure."

"Babu wani kuskure. Masu neman jinya sun yi yawa, gurbin kaɗan ne, akwai waɗanda suka fi ki maki. Ni ma ba abin da na nema suka ba ni ba, kuma na karɓa tun jiya. Danna mu tafi tare."

"Sai na gaya wa Baba."

Ta harare ni. "To gaya masa, amma don Allah kada ki bari kowa ya taɓa ɗayan nan, na ƙin."

A cikin Napep na tura wa Ubaidullahi saƙo. Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san shi. Ɗan Tsiga ne, dogo, mai sanyin magana, yana aji uku a wannan jami'ar, karatun noma yake yi. Ya jima yana zuwa zance gidanmu, Baba kuma ya ce masa babu maganar aure sai na fara karatu. Ban kai gida ba amsarsa ta shigo.

"Alhamdu lillahi! Ki karɓa yau yau. In kin shiga kika yi ƙoƙari a shekarar farko, wasu na samun canjin kwas. Ko ba a samu ba, kin dai shiga."

Na rubuta, "Ni fa ba ciyawa na ce zan karanta ba."

"Ranki ya daɗe, mu da muke karanta taki me za mu ce?"

Na yi dariya ni kaɗai har mai Napep ya leƙo ni ta madubi. Wallahi a lokacin zuciyata ta fara saukowa, na fara hango kaina da jaka a kafaɗa.

Bayan la'asar Baba ya dawo, ya zauna a kan dardumarsa a gindin bishiyar mangwaron tsakar gida, Umma ta ajiye masa kwanon fura. Na durƙusa na yi masa sannu da zuwa, na faɗa masa. Da farko fuskarsa ta washe. Da na ambaci kwas ɗin sai ya ajiye ludayin.

"Tsirrai? Wane irin tsirrai?"

"Na itatuwa da ganyayyaki, Baba, yadda suke..."

"Ciyawa ke nan. Ni da aka yanke wa cibiya a gona, 'yata ce za ta tafi jami'a a koya mata ciyawa? In wannan ne ai sai in kai ki Mahuta, kyauta ma."

Umma ta ce a hankali, "Alhaji, tunda dai sun ba ta..."

"Rabi, ba ki san kan ciniki ba." Ya gyara zama, idonsa ya ɗauki wannan ƙyallin da nake gani in babbar mota ta tsaya a gaban rumfarsa. "Wannan tayi ne. Sun ga makinta, sun san kaya ne mai kyau, suna so su same ta da araha, su ajiye na jinyar su ba 'ya'yan manya. In muka yi rawar jiki muka karɓa, shi ke nan sun ci mu. A ce musu albarka. Za su dawo da kansu."

Na ce, "Baba, an ce in mutum ya ƙi, ba lallai a sake ba shi wani ba."

"Wa ya ce?"

Da na yi shiru da ya fi mini. Amma bakina ya riga ni. "Ubaidullahi ne."

Baba ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ai dole. Shi yana karanta noma, ke kina karanta ciyawa, ga ku a layi ɗaya kullum. Yaron nan wayo gare shi. Kansa yake yi wa ciniki, ba ke ba." Ya ɗauki ludayinsa. "Gobe da safe tare za mu je shagon."

Na koma ɗaki na kifa kai a filo. Ubaidullahi ya yi ta kira ban ɗauka ba, sai ya turo saƙo: "Ko in zo in yi wa Baba bayani da kaina?" Na rubuta masa, "Kada ka zo. Za ka ƙara ɓata abin." Kuma 'yan uwa, in gaya muku gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya so maganar Baba ta zama daidai. Ina son farar rigar nan. Ban taɓa ganin Baba ya ce albarka mai saye bai dawo ba, to don me wannan karon zai zama daban?

Washegari ya sa farar jallabiyarsa muka tafi. Omowunmi na ganinsa ta zube har ƙasa ta gaishe shi irin gaisuwarsu. Da ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ta ƙi tashi.

"Baba, don girman Allah kada a yi haka. Ba mutum ne a ciki ba da zai ji haushi ya ƙara. In ta ƙi, gurbin na bayanta za a ba."

"'Yar Raufu, ubanki ma in ya zo sayen masara haka yake ce mini, wai akwai wata a gaba mai araha. Ina nan zaune yake dawowa."

"Baba, wannan ba irin..."

"Tashi ki danna mana, rana na yi."

Ta miƙe, idonta ya kawo ruwa, ta tura kujerarta baya. "Ni dai hannuna ba zai yi ba. Shafa, ga shi nan."

Na zauna a kujerar. Na danna na ƙin. Sai wani ɗan rubutu ya fito yana tambaya ko na tabbata. Na ɗaga kai na dubi Baba. Yana tsaye, hannayensa a baya, yana murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi. Ya gyaɗa mini kai ya ce, "Albarka." Na sake dannawa. Sunan jami'ar ya ɓace daga gabana.

A hanyar dawowa har balangu ya saya mini.

Daga nan sai jira. Kullum da safe kafin ya fita zai ɗaga murya daga tsakar gida ya ce, "Nas, sun dawo?" In ce, "Tukuna, Baba." Ya ce, "Suna jan aji ne." Aka karya masara, aka fara dukan waken soya, gari ya cika da manyan motoci da ƙurar buhuna. Aka fitar da sunaye zubi na biyu, babu ni. Na riƙa sa data ina duba shafin sau ba adadi a yini, har na haddace yadda yake buɗewa. Matan unguwa in sun shigo sai su ce, "A'a, 'yar jami'a, har yanzu kina nan?" In yi yaƙe in shige madafa.

Ranar da Omowunmi za ta tafi ta zo sallama da sabuwar jakarta mai taya. Umma ta ɗebar mata yajin nan da ta daka don ni, ta ƙulle mata a leda. Muka rungume juna a zaure. Ba ta ce mini ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi, don da na samu wanda zan ji haushi.

Sai na huce a kan Ubaidullahi, bawan Allah. Ya turo mini hoton sababbin ɗalibai a layin rajista, ya rubuta, "Ina ta duba ki a cikinsu." Ban san lokacin da na rubuta masa ba: "Daɗi kake ji ko? Maganarka ta fito."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can ya turo: "Wallahi da maganata ta zama ƙarya ke kina nan, da na fi kowa murna."

Na yi kuka ranar har kaina ya yi ciwo. Ban ba shi haƙuri ba, ban kuma amsa ba.

Da zubi na ƙarshe ya fito babu sunana, Baba ya daina tambaya. Ya daina ce mini Nas, bai kuma koma Shafa'atu ba, sai dai "ke." Fura ma sai ta kwana a kwano. Umma ta ce a kasuwa an fara tambayarta ko Alhaji ba shi da lafiya ne.

Wata safiya sai ga shi ya fito cikin shaddarsa ruwan sararin samaniya, wadda ba ya sawa sai Juma'a ko ɗaurin aure, da hula zanna, yana ƙamshin turare.

"Ke, shirya. Za mu je can."

"Ina, Baba?"

"Jami'ar. In mai saye ya yi nisa bai waiwayo ba, ai bin sa ake yi a ce ya kawo. Ba abin kunya ba ne."

Na sa doguwar rigata baƙa da mayafi ruwan goro. A tasha na tura wa Ubaidullahi saƙo, na farko tun faɗanmu: "Muna hanya ni da Baba." Ya amsa nan take: "Ina bakin ƙofa."

Ya kuwa tare mu. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa ba tare da ya dube shi ba. Shi ya yi mana jagora har ofishin da ake kula da ɗaukar ɗalibai, ya tsaya a waje. Muka zauna a benci cikin yara sa'o'ina, kowa da fayil a hannu. Mutumin da a kasuwa ake tashi a ba shi kujera, ga shi a takure tsakanin wata yarinya mai cin gyaɗa da bango. Har aka yi azahar kafin a kira mu.

Wata Hajiya ce mai tabarau a bayan tebur, da fara'arta. Baba ya yi sallama, ya zauna a bakin kujera, ya gyara babbar riga.

"Hajiya, wannan 'yata ce. Kwanakin baya kun yi mana tayin karatun tsirrai, muka ce a ƙara. To mun yi shawara. Mun sallama. A ba ta shi haka nan."

Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata da alheri. Ta karɓi lambata ta duba a kwamfuta, ta ɗan jima, sannan ta cire tabarau.

"Alhaji, ita da kanta ta ƙi gurbin."

"Ni na sa ta. Yanzu kuma na janye."

"Ba a janyewa. Tana ƙi aka ba wanda ke bin ta a layi. Yanzu haka yana aji. An kuma rufe ɗaukar ɗalibai na bana gaba ɗaya."

"To a ba ta ko wane ne. Ko mene ne ya rage a ƙasa, mun karɓa."

"Babu abin da ya rage, Alhaji. Ba a hannuna yake ba. Da a hannuna yake, wallahi da na duba furfurarka."

Sai na ga Baba ya ɗaga hannu ya cire hularsa ya riƙe ta a cinya. Tun da nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban baƙo ba. Muryarsa ta sauka har da ƙyar nake ji.

"Hajiya, yarinyar nan ba ta da laifi. Ta gaya mini, ƙawarta ta gaya mini, yaron da ke tsaye a waje ma ya faɗa. Ni ne ban ji ba. In hukunci ne a yi mini, kada a yi mata."

"Ba hukunci ba ne, Alhaji." Ta juyo gare ni. "'Yata, sai dai ki sake zama jarrabawar baɗi, don makin bana na bana ne kawai. In Allah ya sa aka ba ki, ko mene ne, ki fara karɓa tukuna."

Na kama hannun rigar Baba muka fito. Ubaidullahi na ganin fuskokinmu ya sunkuyar da kai. Ya raka mu har bakin titi, muna ratsa 'yan mata masu ɗauke da katifu da bokitai, iyayensu na biye da su da buhunan garin kwaki. Wata uwa tana ta yi wa 'yarta faɗa a kan ta riƙa kulle akwatinta. Na kawar da kai, don na ji zan fashe a tsakiyar mutane. Da za mu shiga mota Baba ya miƙa wa Ubaidullahi hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

Daga nan muka kamo hanya har Funtua. Umma ta tare mu a tsakar gida, ta dubi Baba, ta dube ni, ta juya ta koma ɗaki.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a bakin gado ina ninke kayan wanki, sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗakina. Baba bai taɓa zuwa ƙofar ɗakina ba, aike yake yi a kira ni. Na yi sauri na ja mayafi na fito na durƙusa. Ya ƙi zama a kujerar da na jawo masa, ya tsaya ya dafa bango. Ya rame, wallahi ya rame.

"Na kira yaron nan Ubaidullahi," ya ce. "Na ce ya turo iyayensa in an gama kaka. Na hana ki ɗaya, ba zan hana ki biyu ba."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Ina son Ubaidullahi, ku shaidu ne. Amma ba haka na so a ba shi ni ba, a matsayin abin share hawaye. In aka shiga hidimar biki, wa zai sake tuna wata jarrabawa? Na buɗe baki in ce Baba ni karatun nake so, a bar ni in sake gwadawa. Sai ya riga ni.

"Shafa'atu." Rabon da ya kira sunan nan har na manta. "Ki yafe ni."

Idonsa ya yi ja. Uban da ya haife ni, a tsaye a kaina, yana roƙona. Sai na fasa faɗin duk maganar da na shirya. A cikin ɗaki wayata ta fara ruri a kan gado, na san kuma Ubaidullahi ne, na san abin da zai tambaye ni: ko da yardata aka yi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya sa mini albarka, ya juya ya fita kasuwa. Ni kuma na zauna a nan ƙasa inda ya bar ni, wayar na ta kuka har ta gaji ta katse. Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai ranar.